Karatu Daga Nesa da Buƙatar Gida: Tarke a Kan Labarun Masu Neman Digiri na Uku a Ilmin Halayyar Ɗan Adam ta Intanet

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan wani irin zance da ya yawaita tsakanin malaman kwalejojin ilmi a 'yan shekarun nan, watau labarun da ɗalibai ke bayarwa game da neman digiri na uku ta hanyar intanet, musamman a fannin ilmin halayyar ɗan Adam. Waɗannan labaru iri biyu ne. Akwai waɗanda jami'o'in da kansu kan buga cikin tallace-tallacensu, haɗe da hoton ɗalibi sanye da rigar sauke karatu. Akwai kuma waɗanda mukan ji daga bakin abokan aiki, a ɗakin malamai ko cikin mota a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Za mu auna iri biyun nan da ma'auni guda, shi ne halin da ake ciki a Mahuta da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina.

Ya kamata tun da wuri mu bayyana wa mahalarta cewa muna da ruwa a cikin maganar. Mu ma digiri na biyu muke da shi, kuma tambayar inda za a nemo na uku tana gabanmu kamar yadda take gaban tsararrakinmu. Tun da dokar 2023 ta ba kwalejojin ilmi na tarayya damar bayar da digiri tare da takardar NCE, matsin neman digiri na uku ya ƙaru a kan kowane malamin kwaleji. Abin da muke so mu nuna shi ne, labarun nan suna auna sauƙin karatu da samun takardar shaida, amma sun yi shiru a kan abu biyu da fannin ya dogara a kansu: zama gaban malami, da sanin mutanen da za a yi wa aiki.

2.0 ASALIN KARATU DAGA NESA

Kafin mu yi nisa, ya dace mu kawar da wani zato, cewa karatu daga nesa baƙon abu ne ko kuwa abin raini. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawar digirinta ga waɗanda ba su zauna a cikinta ba, kuma ta wannan hanya ce Alvan Ikoku ya sami digiri a 1928 yana nan gida Nijeriya. Iyayenmu da yawa sun ci jarrabawa ta karatun wasiƙa, gidan waya na kawo darasi, su amsa su mayar. A Ingila an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971. A nan ƙasar, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar ajinsu ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a 2002 zamanin Cif Olusegun Obasanjo, wanda shi kansa a can ya karɓi digirinsa na uku a fannin tauhidin Kirista a farkon 2018. Wannan jami'a tana da cibiyar karatu a Katsina, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata sashen na karatu daga nesa a Zariya.

Ashe ke nan intanet hanzari kurum ta ƙara wa abin da gidan waya ya soma. Sai dai akwai bambanci tsakanin digirin farko, wanda galibinsa karatun littattafai ne da jarrabawa, da digiri na uku, wanda horo ne na bincike a ƙarƙashin malami. Akwai kuma bambanci tsakanin fannin da littafi ya ishe shi, da fannin da abin nazarinsa mutum ne mai rai, mai kunya, mai ɓoye abin da ke cikinsa.

3.0 ABIN DA ƊALIBAI KE FAƊA

3.1 Yabo

Labarun yabo, ko na Amurka ne ko na nan, jigonsu ɗaya. Mai labari yakan ce yana da aiki da iyali, ba shi da halin barin gari shekara uku ko huɗu, sai ga jami'a ta zo masa har ɗaki. Yana karatu bayan isha'i, yana samun mujallun ilmi da ba a taɓa gani a laburaren kwalejinsa ba, ba yajin aiki, ba jiran malamin da ya yi tafiya. Wannan yabo yana da tushe. Wanda ya ga yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, ba zai raina jami'ar da ba ta rufe ƙofa ba. Ga mata kuwa fa'idar ta fi girma, domin matar aure mai goyo da ke koyarwa a Malumfashi ba kowane miji ko dangi ne za su yarda ta tare a wani gari ba. Bugu da ƙari, a shekarun da hanyoyin wannan yanki suka zama abin fargaba saboda masu garkuwa da mutane, duk abin da ya rage wa ɗalibi tafiya ya rage masa haɗari.

3.2 Kuka

Labarun kuka kuwa ba a cika buga su ba, sai dai a ji su a bakin mai su. Na farko shi ne kaɗaici. Wani abokin aikinmu ya ce mana ya shekara biyu yana karatu bai taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikin 'yan ajinsu ba, sai dai rubutu a kan allon kwamfuta. Na biyu shi ne lokaci: darasin da ake yi da ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a nan sha biyun dare ne ko ɗaya, ga shi da safe aji na jiran malam. Na uku kuɗi. Wanda ya soma biya da dala kafin Yunin 2023, lokacin da farashin hukuma bai kai naira 500 ba, ya wayi gari a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, alhali albashinsa bai ninka ba. Na huɗu, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne matakin rubuta kundi. Darussa sukan tafi sumul, amma da an zo kundi sai tafiya ta tsaya. A canza wa ɗalibi mai duba aiki, sabon ya ce a sake babin da tsohon ya riga ya amince da shi, kuɗin makaranta kuwa ba ya jira, kowane zango sai an biya.

Wannan kuka na ƙarshe ya taɓa kaiwa gaban alƙali a Amurka. A 2024 Jami'ar Walden, ɗaya daga cikin manyan masu koyarwa ta intanet, ta amince ta biya dala miliyan 28.5 domin sasanta ƙarar da wasu ɗalibanta suka shigar, suna zargin an rage musu ainihin tsawon matakin kundi a lokacin da ake neman su shiga. Jami'ar ba ta amsa laifi ba, kuma digirin da ake magana a kai na harkar kasuwanci ne, amma sigar kukan ɗaya ce da wadda muke ji a fanninmu. Kazalika a watan Maris na 2019 Jami'ar Argosy, wadda ta shahara wajen bayar da digirin dakta a ilmin halayyar ɗan Adam, a aji da kuma ta intanet, ta rufe farat ɗaya, ɗalibai suka rasa tudun dafawa a tsakiyar zango.

4.0 TARKE

4.1 Wane ne mai magana?

Aibi na farko a labarun yabo shi ne, wanda ya haye kogi ne kaɗai ke ba da labarin zurfinsa. Jami'a ba za ta buga hoton wanda ya biya kuɗin shekara uku ya bari ba, shi ma kunya ba za ta bar shi ya yi shela ba. Duk wanda ya koyar da dabarun bincike ya san cewa samfurin da aka zaɓo daga masu nasara kaɗai ba ya wakiltar jama'a. Abin mamaki shi ne, mu da ke koya wa ɗalibanmu wannan ƙa'ida a aji, mukan manta da ita idan talla ta zo da hoto mai kyau. Labarun kuka ma ba su tsira daga irin wannan aibi ba, domin mai kuka yakan ɗora wa intanet laifin da ba nata ba. Jinkirin mai duba kundi tsohon ciwo ne, kuma malamanmu da ke zaune a wannan zaure sun san ba a kan kwamfuta aka fara shi ba.

4.2 Zama gaban malami

Aibi na biyu ya fi zurfi. Labarun suna ɗaukar digiri na uku tamkar tarin darussa ne da mutum zai haɗiye. A ƙasar da wannan irin karatu ya fi bunƙasa ma ba haka masu fannin suka ɗauke shi ba. Hukumar tantancewa ta Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ba ta amincewa da digirin dakta da aka yi gaba ɗayansa ta intanet a sassan da suka shafi kula da mutane, watau na asibiti da na ba da shawara da na makarantu. Tana neman a yi zaman ido da ido na tsawon shekara ko kwatankwacinsa, da aikin sanin makama a ƙarƙashin gwani. Jami'ar Fielding ta Jihar Kalifoniya, wadda ta sami amincewar hukumar duk da ɗalibanta a warwatse suke, ta same ta ne tare da sharaɗin haɗuwa ta zahiri da horo a wurin aiki. Ke nan akwai digirin da za a iya sayar wa malamin Katsina da dala, alhali a ƙasar da aka buga takardar, jihohi da yawa ba za su bar mai ita ya duba majinyaci ba. Adalci ne mu ƙara da cewa wannan sharaɗi bai shafi sassan bincike zalla ba, amma akasarin malamanmu sashen ba da shawara da na halayyar ɗalibai suke nufa.

Dalilin sharaɗin ba boyayye ba ne ga Bahaushe. A karatun zaure, almajiri ba ya cewa ya sauke littafi don ya karanta shi shi kaɗai a ɗaki. Sai ya biya a gaban malam, an gyara masa, an ba shi izini. Abin da yake ɗauka a wannan zama ya wuce fassarar kalmomi. Yana ganin yadda malam ke karɓar mai fatawa, inda yake sassautawa, da inda yake yin shiru. Haka horon mai ba da shawara yake. Yadda za a zauna da yaron da ya ƙi magana, da yadda za a gane cewa "lafiya lau" ta uwar da aka kashe wa ɗa ba lafiya ba ce, ana koyonsu ne idan gwani na gefe yana kallo, daga baya ya ce, "A nan ka yi gaggawa." Ba mu ga labarin yabo ko ɗaya da ya tsaya a kan wannan ba.

4.3 Halayyar wa ake karantawa?

Aibi na uku shi ne rashin tambayar abin da ke cikin darussan. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ja hankalin masana ga wata ƙididdiga: kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Tun kafin su, a 1979, Malik Badri na Sudan ya yi kashedi ga masana Musulmi game da kwasar ra'ayoyin Yamma ba tare da tacewa ba. Wannan matsala tana nan a jami'o'inmu ma, amma ɗalibin Zariya ko Kano yana da malami da ya san ma'anar kunya da kara da haƙuri, wanda zai iya tsayar da shi. Ɗalibin intanet kuwa mai duba aikinsa bai taɓa jin cewa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba, balle ya san cewa kawar da kai da take yi daga gare shi a gaban jama'a ba alamar ƙiyayya ba ce. Takardar tambayoyin da aka tsara wa ɗaliban Amurka za ta auna wannan uwa ta ba ta maki na rashin shaƙuwa.

Ba a rasa abin ginawa a kai ba. Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin siffofin mutumin kirki a wajen Hausawa a 1974. Murray Last ya zauna a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, har cikin gidan Maguzawa, yana nazarin yadda mutane ke fahimtar cuta da magani. A kudu kuwa, tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya sauke masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Dukkansu da zama cikin mutane suka sami abin da suka samu.

5.0 MA'AUNI A MAHUTA

Yanzu bari mu kawo maganar gida. Mahuta biyu ce a wannan yanki, ɗaya a Ƙaramar Hukumar Kafur kusa da Malumfashi, ɗaya a Ƙaramar Hukumar Ɗandume ta wajen Funtuwa. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, kuma malamin makaranta a nan galibi manomi ne, da damina rabin hankalinsa na gona.

Abu biyu da suka faru a yankin sun isa ma'auni. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kwana takwas bayan haka, a daren 19 ga Disamba, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na Mahutar Ɗandume a kan hanyarsu ta dawowa daga Maulidi, kafin jami'an tsaro da mutanen gari su kuɓutar da su. Yaran sun koma gida, an yi barka. Amma wanda ya koyar da irin waɗannan yara ya san cewa dawowar jiki daban, dawowar hankali daban. Akwai mai firgita cikin barci, akwai wanda ƙarar babur ke sa shi neman maɓoya, akwai wanda ya daina fahimtar karatu sam. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna Kaduna da Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin waɗannan mutane haƙƙi a takarda, amma doka ba ta zama da yaro ta saurare shi. Wannan shi ne aikin da ke jiran duk wanda ya sami digiri na uku a fannin nan a yankinmu, shi da ɗaliban da zai yaye.

Abu na biyu ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, aka kuma ɗauki watanni kafin a soma mayar da su. Ɗalibin intanet da ke zaune a wannan yanki, jami'arsa ta rufe ke nan ba tare da ta sani ba. In yana son aika aikinsa, tilas ya hau hanyar da ya gudar wa tun farko, ya tafi inda akwai sabis. Rashin tsaron da ya sa karatu daga nesa ya zama abin sha'awa, shi ne ya yanke igiyar da karatun ke rataye a jiki. Masu talla a ƙasashen waje ba su san da wannan lissafi ba.

Duk da haka, Mahuta ta nuna mana wata fa'ida da labarun yabo kansu ba su lura da ita ba. Ɗalibin da bai bar gida ba yana zaune ne a tsakiyar filin bincikensa. Abin da Murray Last ya ƙetaro teku ya nema, shi a ciki aka haife shi, ya san harshen, an san iyayensa, za a buɗe masa ƙofar da ba za a buɗe wa baƙo ba. Abin takaici shi ne mu ga irin wannan ɗalibi ya bar wannan dukiya, ya ɗauki batun da mai duba aikinsa na ƙetare ya fi sabawa da shi, don a sa masa hannu da wuri.

6.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa labarun ɗalibai gaskiya ne gwargwadon abin da suka faɗa, illarsu tana cikin abin da suka bari. A ganinmu digiri na uku a wannan fanni kashi uku ne. Karatun littattafai da lissafin ƙididdiga suna iya tafiya ta intanet, har ma su fi kyau a can. Horo a kan mutane ba ya yiwuwa sai gaban gwani. Bincike kuwa ya kamata ya tsiro daga ƙasar da ɗalibi yake.

Bisa ga haka muna ba da shawara uku. Ga 'yan'uwanmu malamai, kafin a biya kobo a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya za su karɓi takardar, domin dakatar da tantance digirin Benin da Togo da aka yi a Janairun 2024 ya isa ishara; a kuma tambayi jami'ar mutum nawa suka fara, nawa suka gama, cikin shekara nawa, a nemi wanda ya bari a ji ta bakinsa. Ga jami'o'inmu na Zariya da Kano da Katsina da Dutsinma, muna roƙon su tsara digiri mai haɗa hanyoyin biyu: darussa ta intanet, zaman ido da ido a lokacin hutu, da horo a makarantu da asibitocin yankin ɗalibi a ƙarƙashin malamin da ya san wurin. Tun da asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin karatun ƙetare daga farkon 2025, nauyin horar da mu ya dawo wuyansu. Ga shugabannin kwalejoji kuma, idan malami ya kawo takardar digiri na uku, a buɗe kundinsa a karanta, a ga ko akwai abin da zai amfani yaron Ƙanƙara ko na Mahuta a ciki.

Muna fata malamanmu da ke wannan taro za su gyara mana inda muka karkace, su kuma duba yiwuwar shawara ta biyu a sassansu tun kafin taro na gaba.